ƘIBAR YARO BA ARZIKI BA CE

Jama'a, akwai wata al'ada tamu wadda ya kamata mu zauna mu sake dubawa. In aka ga yaro ya yi ɓul-ɓul, wuya ya cika, kumatu sun sauko, sai a ce madalla, gidansu akwai hutu. Alhali kuwa likitoci sun daɗe suna faɗa mana cewa yaron da ya tashi da ƙiba mai yawa galibi da ita yake girma, ita ce kuwa ke share wa ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya hanya.

Kada wani ya ce ai wannan ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi lissafi, ta ce a 1990 yara 8 cikin 100, masu shekara 5 zuwa 19, su ne nauyinsu ya wuce kima, amma a 2022 sun kai 20 cikin 100, watau yara fiye da miliyan 390. Mu a Nijeriya kaya biyu muke ɗauke da su. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure don rashin abinci mai gina jiki, ga shi kuma ƙiba tana shigowa birane ta ƙofar kanti.

To, me ya kawo haka? Dā yaro kan karya kumallo da koko ko kunun tsamiya, da dare ya ci tuwon dawa da miyar kuka, in kwaɗayi ya taso ya nemi goruba ko magarya ko ɗinya. Yanzu kuwa biskit da alawa da soyayyar taliya ake cusa masa a jaka, a ɗora masa lemon kwalba. Kwalba guda ƙarama tana iya ɗauke da sukari kimanin cokalin shayi 9. Wace uwa ce za ta zuba wa ɗanta cokali 9 a kofin shayi da hannunta? Amma da yake a kwalba ya zo, sai a miƙa masa ana murna.

Sa'an nan ga zama. Hukumar nan ta ce yaro ɗan makaranta yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kowace rana. Ina zai yi shi? Dandalin da ake langa da kokawa da gaɗa ya zama shaguna. Makarantun kuɗi da yawa a gidajen haya suke, ko filin da za a shanya tabarma babu. Yaro ya dawo gida a rufe shi, ya rungumi waya ko talabijin har barci ya ɗauke shi.

A nan muke da magana da masu mulki. A dokar kuɗi ta 2021 an sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari. Naira 10 kuwa ko alawa ba ta saya, balle ta sa mai kamfani ya sake tunani. Ingila ta fara nata harajin a 2018, ta auna shi da yawan sukarin da ke cikin lemo, kamfanoni da yawa suka rage sukarin don su tsira da kuɗinsu. Ƙasar Chile tun 2016 ta tilasta a manna baƙar alama a jikin abincin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa, ta kuma hana sayar da shi a makarantu. Abin da muke nema bai fi wannan ba: haraji mai ma'ana, a kashe kuɗinsa a kan lafiyar yara, kuma kada a ba kowace makaranta izni sai tana da filin wasa.

Amma kafin Gwamnati ta farka, gyara yana hannun iyaye. A mai da ruwa abin shan yau da kullum, lemon kwalba ya koma na ranar biki. A yawaita wake da zogale da rama da gwanda, waɗanda ba sai an je kanti ba. A daina lallashin yaro da alawa. A bar shi ya fita ya yi guje-guje da 'yan'uwansa inda ido ke kansa. Wanda kuma ƙiba ta riga ta kama, kada a yi masa ba'a ko a hana shi abinci, a kai shi asibiti a nemi shawara, gida duka a gyara tukunya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.