Matasa mawaƙa, ku yi hattara da masu sayar da masu sauraro

Tun Afrilun 2024 Spotify ta daina biyan kuɗin waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin shekara ba. To, nan 'yan damfara suka ƙara samun ƙofa. Sai ka ga saƙo a WhatsApp: biya kaza, mu kawo maka masu sauraro dubu goma. Alhali na'urori ne ke juya waƙar, ba mutane ba. In kamfanin ya gano, yana iya sauke waƙar, ya ci tarar mai rarraba ta, shi kuma ya juyo kanka. Ba kuɗi, ba waƙa.

Duk wanda ya yi maka alkawarin adadi tabbatacce, guje shi. Miƙa waƙa ga editocin Spotify kyauta ne. Kuma kada ka ba kowa lambar sirrinka.