Zancen Gida: 'Yar Tsanar Mutanen Hopi

Akwai wata kabila a jihar Arizona ta ƙasar Amurka, ana ce da su Hopi. Manoman masara ne a ƙasa mai ƙarancin ruwa. Iskokinsu kuwa katsina suke kiransu, ko da yake ba abin da ya gama su da birnin Dikko.

A ganinsu iskokin nan ne ke kawo ruwan sama. Wai sukan sauko daga duwatsun San Francisco, kusa da garin Flagstaff, wajen ƙarshen Disamba, su zauna da mutane har Yuli. A bikin Fabrairu da na Yuli maza sukan rufe fuska su yi rawa da kamannin iskokin, su ba yara mata 'yar tsana da aka sassaƙa da saiwar itace, sunanta tihu. Yara maza su sami baka da kibiya. Ba a yi mata sujada. A bango ake rataye ta, yarinya ta riƙa kallo har ta gane kowane iska da shigarsa. Ga su kuwa sun fi 200.

Wannan ya tuna mana da gida. Da yawa daga cikinmu a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa jikokin Maguzawa ne. A filin bori kakanninmu suka san nasu: Malam Alhaji da tarinsa, Ɗan Galadima da kyautarsa, Sarkin Rafi, da Inna, duk mazauna Jangare.

Mun bar wannan hanya, mun bi Yesu, ba mu kuwa yi da-na-sani ba. Amma a waɗansu gidaje an rufe zancen ɗungum. Yaro ya yi tambaya, a ce masa, "Yi mana shiru." Shirun nan bai kori tsoro ba. Yaron da ya ji a bakin rijiya cewa Inna ce ta shanye ƙafar abokinsa, da abin zai kwana, ba zai faɗa mana ba. Mu kanmu har yau shan-inna muke cewa, alhali ƙwayar cuta ce, allurar rigakafi da ɗigon baki ke tare ta.

Bahopi dai yana zama ya sassaƙa wa 'yarsa abin da ya gaskata. Mu a wannan wata, in an gama addu'ar dare, za mu roƙi tsohuwar gida ta gaya wa jikokinta abin da ta bari, da dalilin da ya sa ta bar shi. Mun san wata za ta ce kunya take ji. Sai a fara da tsoho.