Da Me Za Mu Tuna Iyayenmu Mata?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk wanda ya san Kura da Bunkure da Kadawa ya san cewa albarkar noman rani da aka samu tun bayan kammala madatsar ruwan Tiga a 1974, ba maza kaɗai suka yi guminta ba. Iyayenmu mata ne ke turara shinkafa su shanya ta, su ne ke dafa abincin masu aikin gona, kuma da ribar sana'arsu aka kai 'ya'ya makaranta, aka yi wa 'yan mata kayan ɗaki. To, idan irin wannan uwa ta rasu, da me muke saka mata? Sai ka ga an kafa rumfuna, an ɗora tukwane ran uku da ran bakwai da ran arba'in, wani har da cin bashi, alhali bashin da ake bin mamaciyar ba a biya ba, gadonta kuma ba a raba ba.

Magabatanmu na ƙasar nan sun bar mana abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864, matar aure ce, uwa ce, kaka ce. Mijinta shi ne Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ɗanta Abdulƙadir ya gaji wazirci, kuma daga zuriyarta aka sami Waziri Junaidu wanda ya rasu a 1997. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajoji masu ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Da ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karantar da matan, zuriyarta kuma suka adana rubuce-rubucenta. Wannan shi ne tunawar da ta wanzar da ladanta har yau.

Asalin wannan kuwa sunna ce. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa bayan rasuwar Nana Khadija (RA), Manzon Allah (SAW) yakan yawaita ambatonta, idan ya yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Sa'adu bn Ubada (RA) kuwa, da mahaifiyarsa ta rasu, gonarsa ya bayar sadaka dominta. Ba a ruwaito cewa wani daga cikinsu ya ƙayyade rana ya tara jama'a don cin abinci ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da su fara da biyan bashinta da zartar da wasiyyarta. Sa'an nan a raba gado kamar yadda Allah Ya yanka a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Fegin da ta bari a bakin ruwa, 'ya'yanta mata suna da rabo a ciki, kuma hana su da sunan wai mace ba ta noma zalunci ne tsagwaronsa. Kuɗin da za a ƙarar a tukwane, a gina rijiya da shi, ko a ɗauki nauyin malama ɗaya a Islamiyyar matan aure ta unguwa. A ziyarci ƙawayenta da danginta, a kyautata musu, a dinga yi mata addu'a a kowace salla.

Wanda mahaifiyarsa ke raye kuwa, ya sani yau ce ranar kyautata mata, tun tana iya cin abin da ya kawo.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, Ya haskaka kaburburansu, Ya dawwamar da mu a kan sunna. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.