Daga Manhyia Zuwa Zango: Wa Zai Kai Labarin?

A farkon watan Mayu na 2024 aka buɗe baje kolin kayan sarautar Asante a gidan tarihi na fadar Manhyia da ke Kumasi. Kaya 32 ne na zinariya da azurfa, 15 daga British Museum, 17 daga gidan Victoria and Albert, duka biyun a Landan. Yawancinsu sun bar Kumasi ne a hannun sojojin Ingila tun daga yaƙin 1874, kuma da suka dawo, a matsayin aro suka dawo, na shekara uku, da damar ƙara wasu ukun. Kafin nan, a watan Fabrairu, gidan Fowler na Amurka ya mayar da guda bakwai ba tare da sharaɗin aro ba.

Labarin ya zaga duniya. Amma tsakanin Manhyia da Aboabo ko Sabon Zango tafiyar ƙafa ce, kuma a iya abin da muke gani, mutanenmu da suka taka suka je ba su taka kara sun karya ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tofa albarkacin bakinmu kan muhawarar da ake yi, wai shin gidajen tarihi da na kayan fasaha suna cin wata riba idan suka fitar da labarin kayansu zuwa wayoyin mutane, ko kuwa ɓata lokacin ma'aikata ne. Ra'ayinmu shi ne suna ci, kuma ribar da za su samu daga mutanen zango ta fi kuɗin tikiti.

Dalilin ƙauracewarmu a fili yake. Mai shiga gidan tarihi zai tarar da kaya a bayan gilashi, a gefe kuma 'yar takarda mai layi biyu ko uku da Turanci. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake karanta Larabci da ajami kamar ruwa, idan ya tsaya gaban wannan takarda sai ya koma kamar wanda bai taɓa zama gaban malami ba. Babu mai son a kai shi inda za a nuna masa bai sani ba. Amma dattijon nan yana da waya a aljihu, kuma saƙon murya na minti uku da Hausa zai saurare shi, ya tura wa mutum ashirin kafin la'asar.

Ga inda ribar gidajen take. Tarihin fadar Asante cike yake da rubutun Musulmi. Baturen Ingila Bowdich, da ya zo Kumasi a 1817, ya tarar da malamai a kusa da sarki suna rubuta masa wasiƙu da layu. Babbar rigar yaƙi ta sarkin Asante, wadda suke kira batakari kese, lulluɓe take da layu. A ɗakin karatu na sarauta da ke Copenhagen akwai tarin takardun Larabci da suka fito daga Asante, waɗanda ake dangantawa da yaƙin Katamanso na 1826. A Legon kuma, Cibiyar Nazarin Afirka ta tara kwafin rubuce-rubuce masu yawa a shekarun 1960, har da na Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934. Waɗannan malamai ba duka Hausawa ba ne, akwai mutanen Gonja da Dagomba da Wangarawa, kuma bai kamata mu ci hakkinsu ba. Sai dai ilimin da ya rubuta waɗannan takardu yana nan da ransa a zaurukan zango. Ma'aikacin gidan tarihi zai iya auna faɗin takarda ya faɗi shekarunta, amma wanda zai dubi hannun rubutun ya ce wannan salon makarantar wane ne, ko ya gane kalmar Hausa da ta ɓuya a tsakiyar Larabci, yana zaune ne a kan buzu, bai san ana nemansa ba. Idan aka aika masa hoto aka ce, malam, me ka gani, zai amsa. Gidan da ya yi haka ya samu masana ba tare da ya biya kuɗin jirgi ba.

Mu ma muna da abin da za mu samu, kuma ba ƙarami ba ne. Iyayenmu ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ba, lokacin da aka ɗora wa mutane kayansu a ka, wasunsu a nan aka haifi kakanninsu. Har yau yaron zango yakan sha tambayar daga ina ya zo. Amsar tana cikin gidajen nan: hanyar goro ta Salaga, ayarin fatake, rigunan saƙi da aikin allura, takardun malamai. Za a kuma tarar da abin da ba zai yi mana daɗi ba, domin sojojin da aka kira Hausa sun yi wa Ingila yaƙi da Asante a 1874, kuma suna cikin ganuwar Kumasi a 1900 lokacin da Yaa Asantewaa ta kewaye ta, ganuwar da yau ta zama gidan tarihin soja. Gara yaranmu su ji wannan da cikakken bayani, da su ji shi a bakin mai gori.

Masu ja da wannan ra'ayi suna cewa wanda ya ga hoto a waya ba zai ƙara zuwa ba. Mu ba mu ga haka a ɗabi'ar mutanenmu ba, domin hoton atamfa bai taɓa hana mace zuwa Kejetia ba. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta sirri. Laya ɗinke take saboda dalili, kuma ba kowane abu ne masu shi za su yarda a baza a idon duniya ba. A nan muna tare da su: a tambayi fada, a tambayi malamai, abin da suka ce a rufe a bar shi a rufe.

Akwai kuma sharaɗin da ba mu ji ana ambata ba. Idan gida ya buɗe baki ya yi magana, dole ya ware wanda zai saurari amsa. In dattijo ya gyara kuskuren suna ko na shekara, ya kamata gyaran ya kai ga takardar da ke gefen gilashi, a kuma ambaci wanda ya yi shi. In ba haka ba, talla aka yi kawai, kuma mutanen zango 'yan kasuwa ne, sun san talla tun daga nesa.

Shawararmu ga shugabannin Manhyia da na gidan tarihi na ƙasa da ke Accra, wanda aka sake buɗewa a 2022, ita ce su fara da abu guda a kowane mako: hoto ɗaya, bayani gajere a rubuce, da murya cikin Twi da Hausa da Dagbani, a kuma miƙa wa gidajen rediyon da ke shirye-shiryen Hausa. Mu kuma a namu ɓangaren, sarakunan zango da limamai su zaɓo mutum biyu ko uku masu karanta ajami su ba da sunayensu, makarantun islamiyya su tsara kai ɗalibai ziyara tun kafin wa'adin aron nan ya cika.