Karatu Ba Laifi Ba Ne, Don Me Za A Ci Mu Tara A Fansho?

Kullum ana yi mana huɗuba cewa malamin firamare ya ƙaro ilimi, wai takardar NCE ta daina isa. Mun ji, mun kuma yarda. Abin da masu huɗubar ba sa faɗa shi ne irin ɓarnar da komawa jami'a ke yi wa fanshonmu.

A tsarin fansho na karo-karo, kamar yadda dokar tarayya ta 2014 ta tanada, ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ɗora kashi 10, duka su shiga asusun ajiyarsa. Malamin da ya samu hutun karatu da albashi, zubinsa na ci gaba. Amma wanda aka ce masa gurbi ya cika, sai dai ya tafi babu albashi, ranar da albashi ya tsaya ita ce ranar da zubi ke tsayawa, nasa da na gwamnati baki ɗaya.

Mai NCE kan shafe shekara uku kafin ya samu digiri, wata 36 ke nan. Kashi 18 sau 36 ya haura albashin wata shida, kuma ba a ma lissafa ribar da kuɗin za su haifa cikin shekarun da suka rage kafin ritaya ba. Wannan giɓi ba ya ciwo yanzu. Sai furfura ta cika kai, ƙarfi ya ƙare, sannan iyali su ji shi a tukunya.

Za a ce mana doka ta ba da damar zubin ganin dama. Da wane kuɗi? Mutumin da ke biyan kuɗin makaranta da na haya, ga yara a gida, ba shi da ko sisi na shigowa? Alhali digirin nan ajin gwamnati zai koma da shi, 'ya'yan talakawa ne za su amfana.

Buƙatarmu ita ce duk malamin da aka amince ya tafi karatu a fannin koyarwa, a ci gaba da zuba masa kason gwamnati har ya dawo. Kafin nan, 'yan uwa, kada kowa ya sa hannu a takardar hutu sai ya ga an rubuta matsayin fanshonsa ƙarara, ya kuma kawo kwafi ofishin reshe.