BINDIGA BA TA TSIROWA A DAJI

Jama'a, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mahukunta da 'yan jarida, har mu marubuta muka ɗauka muna maimaitawa. Da zarar 'yan bindiga sun buɗe wa bayin Allah wuta, sai ka ji an ce ai makaman daga Libiya suka kwararo bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. To, ba a musun cewa rumbunan Libiya sun fashe, kayan kuma sun ratso Sahara ta Agadas. Amma fa wannan rabin zance ne, kuma an fi son sa don ba ya kama sunan kowa a gida.

Mu duba ƙofar gidanmu. A watan Afrilu na 2014 'yan bindiga suka afka wa garin Gwaram, suka ƙone ofishin 'yan sanda, suka kashe 'yan sanda bakwai. Bayan wata uku sojoji suka kutsa dajin Balmo, wanda ya ratsa Bauchi da Jigawa, suka tono makamai da aka binne a ƙarƙashin ƙasa. Tsakani da Allah, daga kan iyakar Nijar zuwa Balmo shingen jami'an tsaro nawa ne? Shingen da ba ya barin buhun gero ya wuce sai an ga abin goro, yaya aka yi buhun harsashi ya wuce shi?

Ga kuma ta cikin gida. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce makamai 178,459 sun yi ɓatan dabo daga hannun rundunar 'yan sanda, 88,078 daga ciki ƙirar AK-47. A 2016 Manjo Janar Lucky Irabor, kwamandan yaƙi da Boko Haram a lokacin, ya amsa da bakinsa cewa akwai sojojin da ke sayar wa abokan gaba makamai. A Janairun 2017 kwastan suka kama bindigogi 661 a Ikko, bayan kwantenar ta riga ta fito daga tashar jirgin ruwa. Ina Gaddafi a nan? Ashe da ɗan gari akan ci gari.

Wasu za su ce mafita ita ce kowa ya mallaki tasa, kamar yadda gwamnatin Zamfara ta yi kira a 2022. Su leƙa Amurka, inda ake sayen bindiga a kanti bisa doka. Matashin da ya kashe yara 19 a makarantar Uvalde a 2022, da kuɗinsa ya sayi tasa. Ba a kashe gobara da fetur.

Don haka, 'yan'uwa, wanda zai rubuta labarin ɗan bindiga kada ya tsaya ga mai jan kunama. Ya bi sawun bindigar: wa ya buɗe rumbu, wa ya ɗauko, wa ya ɗaga shinge, wa ya ƙirga kuɗi? Maharbin yakan mutu a daji, dillalinsa kuwa yana sahun gaba a masallaci. Shi ya kamata alƙalami ya tona.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.