Malama Mai Hannu Takwas da Kadojin Girmace

A shekarar 2020, lokacin da annoba ta kulle mutanen duniya a ɗakunansu har suka rasa abin yi sai kallo, kamfanin Netflix ya fitar da wani fim mai suna My Octopus Teacher, wanda ya ba da labarin wani Bature ɗan Afirka ta Kudu, Craig Foster, da ya shekara yana nutso kullum a cikin teku kusa da birnin Cape Town, alhali ba masunci ba ne, ba kuwa mai neman lu'ulu'u ba, sai domin ya gai da wata dabba mai hannu takwas wadda ya ɗauka malamarsa. Fim ɗin ya ci lambar Oscar a 2021, mutanen Amurka da na Ingila suka yi ta sharar hawaye, kuma da yake a zamanin nan babu abin da ba ya zuwa ta wayar hannu, sai ga shi ya iso har ƙasar Zuru, inda duwatsu suka fi ruwa yawa, mafi yawanmu kuwa ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi na Yawuri faɗi ba.

Kafin a yi hukunci ya kamata a san wanda ake ƙara. Ita wannan halitta, wadda Larabawa ke kira ukhɗubuɗ, ba ta da ƙashi ko guda, ga zuciya uku, ga jini shuɗi, ga hannaye takwas jere da matsotsai, kuma masana sun tabbatar cewa mafi yawan jijiyoyin tunaninta a hannayen suke, ƙalilan ne a ka, ta yadda kowane hannu yana iya ɗanɗanar abin da ya taɓa, ya kuma yanke shawararsa ba tare da ya jira izini daga sama ba, tsarin da na tabbata ma'aikatan gwamnati da yawa za su yi sha'awarsa. Tana canza launi da ƙiftawar ido, tana matse jikinta ta shige ramin da ɗan yatsa ke shiga da ƙyar, in ta ga halaka ta fesa tawada ta ɓace. Wanda bai taɓa ganinta ba ya ƙaddara tumbi da hanji a kan teburin mahauci, Allah Ya busa musu rai suka tashi suna iyo. Duk da wannan baiwa, ajalinta bai cika wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba.

Shi kuwa almajirin nata, bisa ga abin da ya faɗa da bakinsa, gajiya ce ta kai shi. Ya daɗe yana sana'ar ɗaukar fim, har ya taɓa zama da maharban hamadar Kalahari ya ga yadda suke bin sawu, daga baya aiki ya ci ƙarfinsa, barci ya ƙaurace masa, kyamara ta fita ransa, ya ji ya kasa sauke haƙƙin ɗansa, sai ya nemi waraka a cikin ruwa mai tsananin sanyi, ba rigar nutso, ba tulun iska a baya, sai numfashin da ya riƙe a ƙirjinsa. A can cikin dajin ciyawar teku ya tarar da ita ta lulluɓe jikinta da ɓawon katantanwa, ya yi ta komawa har ta saba da shi, ran nan ta miƙo hannu guda ta taɓa nasa. A nan ne masu kallo na ƙasashen sanyi suke fara kuka. Mu kuwa a nan, gwargwadon abin da na ji daga waɗanda suka kalla, tambaya biyu ce ke fara zuwa bakin mutum: ta farko, shin ana cin ta, ta biyu, wane ne yake ciyar da gidan wannan bawan Allah a tsawon shekarar.

Tambayar farko mai sauƙi ce, domin malaman mazhabar Malikiyya sun halatta abin da ke rayuwa a teku, kuma mutanen Sifen da Girka da Japan sun daɗe da warware mas'alar a cikin tukunya. Ta biyun ita ce mai nauyi. A ƙasar da saurayi yake yin golmo, wato ya yi shekaru, har akan ce bakwai, yana noma wa surukinsa kafin a ba shi mata, da wuya a fahimci ciwon da maganinsa shi ne hutun shekara guda a bakin teku. Manomin da ya gaji a nan, in ya samu inuwar ɗorawa da ƙwaryar kunu, ya gode Allah ya koma bakin kunya, ballantana ɗan'uwansa na wajen Danko da Wasagu da Sakaba, wanda rashin barcinsa yana da wani dalili dabam da kowa ya sani. Kuma ina roƙon mai karatu ya auna magidancin da zai riƙa fita kowace safiya, ya dawo da la'asar idonsa jawur yana ba uwargida labarin yadda wata ta rungume shi da hannu takwas: ba na jin za a kai mako biyu ba a tara dangi ba.

Sai dai raha ba za ta hana mu adalci ba. Ɗaukar darasi daga dabba ba bidi'a ba ce da Bature ya ƙago. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin hankakan da ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne gawar ɗan'uwansa, da labarin tururuwa da alhudahuda a zamanin Annabi Sulaimanu, alaihis salam. Al-Jahiz na Basra ya wallafa Kitabul Hayawan tun fiye da shekara dubu, Ad-Damiri na Masar ya biyo shi da nasa, kuma a nan gida ma Abubakar Imam aku ya ɗora a kan kujerar hikima a Magana Jari Ce, har ya kai shi ga waziranci, ba wanda ya ce ya yi ɓatanci. Saboda haka idan mutum ya zauna yana tafakkuri a kan halittar Ubangiji har zuciyarsa ta yi laushi, ya koma gida ya kama hannun ɗansa ya nuna masa abin da ya gani, kamar yadda Foster ya yi, babu abin zargi a ciki, bal abin yabo ne. Hotunan kuma, in za a faɗi gaskiya, sun kai a kalla.

Inda nake da ja shi ne wurin da'awar abota. Karatu yana yiwuwa ko malami bai san ana ɗaukar darasi a wurinsa ba, ko da yake almajirin da ya samu ilmi ta wannan hanya ba shi da ijaza ba shi da isnadi. Amma suhuba, wato abota, tana da sharuɗɗa, mafi ƙanƙantarsu kuwa shi ne ka tsaya wa abokinka ranar tsanani. To, ranar tsanani ta zo. Wani kifin shak mai zane-zane a jiki ya biyo warinta har bakin raminta, ya cafke hannu guda ya tsinke, almajiri kuwa yana sama da su riƙe da kyamara, yana ɗauka, yana mai cewa bai kamata ya tsoma baki a cikin tsarin halitta ba. Hujja ce ta masana, kuma na yarda da ita a wurin masani; amma wanda ya kafa wannan hujja ya sauka daga matsayin aboki ya koma ɗan kallo, ba kuwa zai yiwu mutum ya riƙe muƙaman biyu ba, ya zama aboki ranar runguma, ya zama masani ranar cizo. Allah da ikonSa hannun ya sake tofowa cikin kimanin wata uku, ba da taimakon kowa ba. Daga ƙarshe ta yi ƙwai, ta daina ci tana gadinsu bisa ɗabi'ar jinsinta, ta rame, ta mutu, shak ya ɗauke abin da ya saura, nan ma kyamara tana aiki. Almajiri ya samu lambar girma daga Amurka, malama ko ta'aziyya ba a yi mata ba. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka, ashe sabo da mai hannu takwas ma ba ya hana ɗaukar hoto.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne, mu mutanen Zuru ba mu da dalilin buɗe baki don an ce mutum ya saba da dabbar ruwa, tun da a cikin garinmu akwai Girmace, kurmi mai duhuwar itatuwa da ruwa, wanda kadoji suke zaune a cikinsa tun kaka da kakanni. Kada fa, mai haƙoran da ake gani ko bakinsa a rufe yake, wanda in ya so zai iya tsinke fiye da hannu guda, kuma na mutum ba ya tofowa. Tsofaffin Lelna, mutanen ƙasar Zuru, suna cewa akwai amana tsakaninsu da shi: ba sa kashe shi, ba sa cin namansa, shi kuma, in ji su, ba ya taɓa ɗan gari. Masu bin addinin gargajiya suna kai hadayarsu can, wannan kuwa sha'aninsu ne, Musulmi ba ya tarayya da su a ciki, Kirista ma haka. Amma barin dabbar da ta bar ka, da kiyaye mata ruwanta da inuwarta, wannan babi ne na haƙƙin maƙwabtaka wanda babu addinin da ya hana. Kuma ita wannan amana ba ta shekara guda ba ce, ba kuma gajiya ce ta haife ta ba. Kowane ɓangare yana da abin da zai iya yi wa ɗan'uwansa, kowanne ya kame, an haifi mutane an binne su a kan haka, ba wanda ya ce kada malaminsa ne, ba wanda ya nemi ya rungume shi, domin kowa ya san iyakarsa.

Irin wannan ba a Zuru kaɗai yake ba. A Paga ta arewacin Gana da Bazule ta Burkina Faso yara suna zama kusa da kadoji baƙi suna biyan kuɗi su gani, a Harar ta Habasha ana ciyar da kuraye da hannu a bayan ganuwa, a Argungu ta jiharmu kuwa Sarkin Ruwa ne yake fara shiga tsakani da mazauna kogin Matan Fada kafin masunta su faɗa da homa da gora. Abin takaicin shi ne, idan ɗan boko namu ya ji waɗannan sai ya taɓe baki ya ce camfi ne, idan kuwa ya ga Bature yana kuka a kan dabbar da ba ta san sunansa ba sai ya ce wannan shi ne ilmi da wayewar kai. Ya manta cewa a 2010 wata mai hannu takwas ɗin, namiji da ake kira Paul a wani gidan kifi na Jamus, shi aka mayar ɗan duba a gasar cin kofin duniya, ana ajiye masa akwati biyu da tutoci yana zaɓa, ya kuma dace a wasa takwas har da na ƙarshe da Sifen ta ci, manyan jaridun Turai suna bugawa a shafin farko. Da wani bokan ƙauye ne ya yi haka da kunkuru, da an kira masa 'yan sanda.

Ba ina cewa kowa ya tafi Girmace ya miƙa wa kada hannu ba ne, kuma duk wanda ya yi haka bayan ya karanta wannan sharhi, alhakinsa a wuyansa. Abin da nake nema ƙarami ne. A shekarar da aka fitar da wancan fim, a ita ce aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, ga kuma samarinmu da kyamara a aljihun kowa, suna ɗaukar rawa da kokawar bikin Uhola kowace shekara. Ya kamata malaman jami'ar su tura almajiransu su ƙirga kadojin nan, su san jinsinsu da abincinsu da halin da ruwansu yake ciki da rani, masu ɗaukar fim kuma su nemi izinin masarauta da na masu kula da wurin, su zauna da tsofaffi su naɗi abin da suka sani tun suna raye. In ba mu yi ba, wani zai gaji da aikinsa a Landan ko Cape Town, ya zo ya shekara a bakin kurmin, ya koma ya karɓi lambarsa, mu kuma mu sayi data mu kalli kadojinmu.